Rijiyar da ta ƙafe amma tana kan taswira

Na danna maɓalli a ofishinmu na Tudun Wada, taswirar rijiyoyin burtsatse ta fito cikin minti uku. Aikin sati biyu ne a da, kafin in rubuta wa kwamfuta umarnin da take bi da kanta. Da taswirar za a zaɓi inda za a haƙa sababbi.

Malam Habu, tsohon safiyonmu mai awon ƙasa, ya nuna wani ɗigo a Tudun Jukun.

"Wannan ta ƙafe tun bara."

Na ce, "Malam, a jerin da aka ba ni tana aiki."

Ya ce, "Jerin bai taɓa zuwa can da bokiti ba."

Muka gyara taswirar, layin da rijiyar take ya shiga sahun masu samun sabuwa.

Ku masu wannan aiki, wa ke duba muku taswira kafin ku miƙa?