Zabuwar Kaka

A shekarar da Inna ta rasu an samu gyaɗa ƙwarai a ƙauyenmu, kusa da Attantane. Ɓawonta muke zubawa cikin wuta da maraice, muna jin ɗumi a ƙofar ɗakin Kaka, mahaifiyar Inna. Har yanzu in na ji wannan ƙauri sai in ga fuskarta cikin hasken garwashi.

Kafin ta kwanta ciwo, Inna ta shuka irin lalle a bayan ɗakinta. Bayan an kai ta, sai ga shi ya tsiro, 'yan tsiraru kamar gashin jariri. Ni kuwa na ɗauka in suka mutu, Inna ta tafi ke nan gaba ɗaya. Kullum sai in ciko ƙwarya in kwarara musu. Ruwan ya riƙa tone ƙasa yana kwantar da su, har 'yan kaɗan suka rage. Na zauna a wurin ina kuka.

Kaka ba ta rarrashe ni ba. Inna ita ce ɗiyarta ta fari, kuma don kunya ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce "waccan yarinya". Ranar rasuwar ma ban ga hawayenta ba. A raina na riƙa jin haushinta.

Da maraicen nan ta fito da wata gora mai dogon wuya, ta sa basilla da 'yar wuƙa a wuta.

"Mushe, malaminmu na lakwal, ya ce a makarantar akwai butar ban-ruwa ta ƙarfe, sunanta arozuwar," na ce.

"Ta ƙarfe tana da ido? Tana da baki? Matso, mai ruwan ɓarna, riƙe mini nan."

Ta yanke wata kafa a bayan gorar ta zuba ruwa, ta huhhuda ƙirjin da basilla mai zafi. Sannan ta ɗauki wuƙar tana ƙona zane: fukafukai, ɗigo-ɗigo a jiki, idanu biyu a kan wuya. Ta liƙa jan ƙyalle da ƙaro a ƙarƙashin baki. Sai ga zabuwa, mai kallon mutum a karkace kamar tana bin sa bashin gaisuwa. Na yi dariya, karon farko tun zaman makoki.

"Ga ta nan ta iso ƙofarki," in ji Kaka.

"Ta shigo mu ji ta," na ce.

Ta ce da can zabuwa baƙa ce wuluk. Wata rana shaho ya ɗauke mata ɗiya, ba a bar mata kome ba sai ƙwayar gero da ɗiyar ta binne tana wasa. Zabuwa ta tsaya a kan ƙwayar ta yi kuka yini guda, har hawaye suka kusa tafiya da ita. Sai kurciya ta ce mata, "Kukan naki zai kashe abin da aka bar miki. Raba shi. Kowace safiya kaɗan." Zabuwa ta riƙa zuwa da sassafe, kafin kowa ya gan ta, ta zuba ɗigo kaɗan ta koma kiwo. Gero ya fito. Ɗigon da ya zuba a jikinta kuwa bai goge ba har yau.

"Ɗiyar ta dawo?" na tambaya.

Kaka ta daɗe tana juya garwashi. "Gero dai ya fito. Ƙurungus, ta tsaya a nan. Tashi ki kwanta."

Da safe na gwada. Ruwa ya sauko siriri kamar yayyafi, ko tsiro ɗaya bai rusuna ba. Duk da haka guda ɗaya ne ya rayu. Abin da ya riƙa ba ni mamaki, sau da yawa in na zo sai in tarar da gindinsa a jiƙe, gorar kuma da danshi. Na ce raɓa ce.

Daga baya aka kai ni makarantar kwana a Maraɗi. Ina can Kaka ta rasu. Da na zo hutu, lallen ya fi ni tsawo, zabuwar tana rataye a reshensa. Ta tsage, an ɗinke ta da ɗinki karkatacce, irin na wadda idonta ya yi rauni. Na sauko da ita ina shafawa, sai yatsana ya ji wani abu a gefen fuskarta. Tsaga ce siririya daga gefen ido zuwa ƙasa, a ɓangaren hagu. Billen Inna ne. Ni da kaina na riƙe gorar ana ƙona shi, ban lura ba.

Sunan da bakinta ya kasa faɗa, ta zana shi da wuta, ta ba ni in riƙa ɗauka kowace safiya. Na ciko gorar a randa, na tsaya a gindin lallen. Ɗinkin yana yoyo, ruwan yana bin hannuna har gwiwar hannu. Na bar shi ya zuba a hankali har ya ƙare.