Zoɓo da gishiri a ofishin mudir

Har gobe ba na manta ranar da na shiga ofishin mudir ɗinmu, wato manaja, a unguwar Ulaya ta birnin Riyad, rungume da akwatin gilashi, ni da aka ɗauka aikin injiniya.

Kamfaninmu ya samu kwangilar zana bututun zubar da ruwan masana'anta a wani teku mai ruwan zartsi, inda kogi ke kwararowa. Ƙa'idar aiki, injiniya ya rubuta rahoto, mudir ya sa hannu, sannan a soma zane. Mudir Abu Nasir ya ce a kwantar da bakin bututun a ƙasan teku kusa da gaɓa, igiyar ruwa za ta kwashe dattin. Na rubuta masa cewa ruwan nan hawa biyu ne. Na kogi ba nauyi, yana bi ta sama ya fita. Na gishiri mai nauyi yana bi ta ƙasa ya dawo gaɓa, inda masunta suke.

Sau biyu yana maido mini da rahoton. "Ya muhandis," in ji shi, wato injiniya da Larabci, "ruwa ai ruwa ne. Kai da ka fito daga Katsina, ina ka san teku?"

Na haɗiye maganar cewa shi ma ɗan Riyad ne, inda babu teku, domin iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, na hannunsa.

Sai na sayo zoɓo a kasuwar Batha, na dafa, na zabga masa gishiri. Na raba akwatin biyu da allo, zoɓo nan, ruwan famfo can. A gabansa na zare allon. Jan ruwan ya sulale ta ƙasa ya yi hagu, farin ya bi ta sama ya yi dama.

Ya zuba ido. Can ya ɗauki cokalin shayinsa ya dama ruwan. "Khalas, shi ke nan! Sun haɗu, mafi mushkila," wai ba matsala. Don jin daɗi, ya lashe cokalin.

Sai da ya gama tari na ce, "Allah ya ja da ranka, in akwai cokalin da zai dama teku, a rubuto a sayo."

Ya yi dariya har da hawaye, ya jawo rahoton ya sa hannu. Aka kai bututun can nesa.

Ku matasa ku riƙe wannan: babba ba ya ƙin gaskiya, ya dai ƙi ta a takarda. Ku kawo masa abin da zai taɓa da hannunsa.