Igiyar da Sammani Ya Ƙi Ɗaurawa

A Ƙofar Marusa, duk rijiyar da laka ta toshe, Malam Sammani ake kira ya yashe ta. Tun yana saurayi yake shiga ba igiya a ƙugu. Sai ya ware ƙafafu, ya bi ramukan jikin bango yana takawa har ƙasa, abokinsa Ɗanliti na bakin rijiyar yana jan gugan laka. Tare suka tsufa a sana'ar. Abin alfaharin Sammani ɗaya ne: rijiyar da ya buɗe wa idon ruwa ba ta jinkirin cika.

Matarsa Tani ce ta fara tsorata. In ya ɗago daga sujada, sai ta ji gwiwarsa ta dama tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Da ƙyar da siɗin goshi ta kai shi asibiti. Likita ya nuna masu hoton gwiwar da aka ɗauka: guringuntsin gwiwar ya cinye, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri ya sandare, fari fat. Ya ce wata rana gwiwar za ta ƙage ba sallama, don haka ya bar shiga rami.

Tani ta san halin kayanta. Ba ta ce ya bari ba, sai ta sayo igiya mai kauri.

"Malam, don Allah ka riƙa ɗaura wagga."

"Ni akuya ne? Mi za a ce a unguwa?"

Ya rataye ta a ƙusar zaure. Kullum ta wuce, a nan take ganin ta.

Wata hantsi aka kira shi rijiyar wani tsohon gida. Suka kwashe ruwan, ya sauka, ya yi ta haƙa har ido ya ɓalle, ruwa ya fara tasowa. Ya yi kabbara daga ƙasa. Daga nan ya yunƙura zai hawo.

"Ɗanliti," muryar Sammani ta taso a hankali, "ƙahwar ta ƙi."

Igiyar guga siririya ce, ba ta ɗaukar mutum, Ɗanliti kuma ƙarfinsa ya ƙare tuni. Ya ruga gidan Sammani.

Da Tani ta gan shi a ƙofa ba hula ba takalmi, ba ta tambaye shi komai ba. Ta fizge igiyar daga ƙusa ta bi shi, tana roƙon Allah ya sa yau kaɗai mijinta bai iya aikinsa ba.