Baƙin Mai da Rumbun Baba

Na fi shekara ashirin riƙe da sitiyari, na ga abubuwa a hanya har na daina ƙirga su, kuma yawancinsu sun riga sun zube daga kaina. Amma akwai guda ɗaya da na san ba zai fita ba har a mayar da ni ƙasa. Ba hatsari ba ne, ba kuma rigima da jandarma ba. Labarin man inji ne, mai kyau kuwa, wanda ya yi duk abin da aka ce zai yi, ni kuma ya bar ni da kunyar da har yau nake jin ta.

A lokacin ina jan motar haya daga Dogon Dutsi zuwa Dogon Kiriya, sau biyu a mako. Duk bayan wata biyu nakan kai ta garaji a yi mata juye, abin da mutanen garaji ke kira bidanji, wato a zubar da tsohon mai a zuba sabo. Tsohon yakan fito baƙi ƙirin, ni kuwa sai in tare shi a jarka, in ɗaure a bisa mota. Ƙauyenmu yana kan hanya kafin a isa Dogon Kiriya, to nan nake sauke jarkar a hannun Baba, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifina. Ba ni na fara wannan ba da wani tunani. Wata rana ce kawai na kawo, ya karɓa ya sa mini albarka, shi ke nan ya zama al'ada.

Na san abin da yake yi da shi, kada in yi ƙarya. Yakan shafa wa ƙafar amalanke da ƙyauren ɗaki, amma babban aikinsa shi ne rumbu. Rumbunmu na zana ne, a kan ƙafafun itace, kuma ƙasar wajenmu gara ta yi mata gida. Idan aka shafe ƙafafun da baƙin mai, ana maimaitawa, gara ba ta hawa. A cikin rumbun nan ake tara hatsin gandu gaba ɗaya, abin da gidan Baba zai ci har wata kaka, har da rabon da ake ɗora mini a mota in kai wa iyalina a Dogon Dutsi. Na san duk wannan, sai dai sanin da mutum ke yi wa abin da bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba. A wurina dattin mota nake rabuwa da shi, a kyauta kuma in samu albarka.

Wata kaka, ana cikin yankan hatsi, na shiga shagon wani matashi mai sayar da kayan mota a bakin kwalta. Mutum ne mai tsabta, ga gemu, ga ɗangalallen wando, maganarsa rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ɗauko wani galan ya ajiye gabana ya ce wannan shi ake kira santetik, ba irin man da na saba ba ne, a masana'anta ake harhaɗa shi, zafi ba ya saurin kashe shi.

"Wanda kake sawa, kilomita dubu uku ka zubar," in ji shi. "Wanga kuwa sai ya kai ka dubu goma. Amma tsakani da Allah, hanyarku jar ƙasa ce. Ka riƙa duba sandar awon mai, ka riƙa kakkaɓe filtar iska."

Gaskiya ya faɗa mini, bai ƙara ko gishiri ba. Ni dai "dubu goma" ce ta shiga kunnena ta zauna. Na lissafa a kaina, na ga kusan wata bakwai ke nan ba ni ba kwanciya a ƙarƙashin mota. Na saya, na wuce garaji. Makanikena, tsoho ne mai ƙarancin magana, ya zuba kaɗan a yatsa ya murza, ya ce man ba shi da laifi. Sannan ya miƙo mini jarkar tsohon man da ya fitar, na kai wa Baba kamar kullum. Ban san ita ce ta ƙarshe ba sai bayan wata bakwai.

Wallahi man ya yi. Inji ya yi sanyi, ƙararsa ta kwanta, mota ta riƙa haye yashi ba tari. Ni kuwa ga ni da baki. Na zama malamin santetik a tasha, ba wanda ya naɗa ni. Duk direban da na gani ya nufi garaji sai in tsokane shi, in ce har yanzu kuna nan zamanin jahiliyya, kuna wanke wa mota ciki kamar mai jego. Fasinja ma ba su tsira ba. Tsohuwa za ta shigo da kajinta, ba ta tambaye ni komai ba, sai ta ji ina yi mata bayanin kilomita dubu goma.

A wannan kakar ce Allah ya ba mu hatsi fiye da na shekarun baya, har tsohon rumbu ya kasa. Baba ya sa aka saro itace aka kafa sabo, babba, aka kwashe komai aka zuba a ciki. Jarkar da na kawo ta ƙarshe ta riga ta ƙare a amalanke da ƙyamare, saboda yana da tabbacin wata na tafe. Na ga rumbun da idona, ƙafafunsa farare tas, na ma yaba aikin. Ban tambayi kaina me ya sa suke farare ba.

Duk ranar da zan wuce, Baba yana zaune a gindin aduwa a bakin hanya. In tsaya, in sauko in durƙusa mu gaisa. Bayan wata biyu na lura idan muna gaisawa idonsa yana bisa mota, yana bin kaya ɗaya bayan ɗaya.

"Direba, mota lahiya dai?" Haka yake kirana idan yana cikin raha.

"Lafiya lau, Baba."

"Ba ta son wani gyara?"

"Ina fa! Ai yanzu wani mai nake sa mata wanda ba ya mutuwa."

Na tsaya na yi masa karatun santetik tun daga farko, har da nuna masa sandar awo, yadda man yake garau kamar zuma. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Allah shi ƙara sauƙi." Na shiga mota ina jin daɗi na wayar da kan tsoho. Yau idan na tuna wannan tsayuwar, ji nake kamar in koma in mari wancan direban.

Wanda bai san dattawanmu ba zai ce, to me ya hana shi buɗe baki ya tambaya? Baba bai taɓa roƙon ɗan da ya raina komai ba, ko allura. Abin da ka kawo da kanka ya karɓa, wanda ba ka kawo ba ya haɗiye maganarsa. Tambayar lafiyar mota ita ce iyakar roƙonsa, kuma ya yi ta ya fi sau goma. Inna, matarsa, ta taɓa biyo ni har bakin mota da ƙwaryar fura, ta fara cewa, "Ɗana, wai jarkar nan..." sai Baba ya yi gyaran murya daga gindin aduwa. Ta ce wai jarkar ruwa take nufi, ko zan samo mata a birni. Na kawo mata sabuwa fil, har da murfi, ina ganin na yi abin kai.

Rani ya zo ya wuce. Agogon kilomita ya cika dubu goma daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na kai mota garaji ina taƙama, na tara direbobi biyu su shaida. Man ya fito baƙi, amma da sauran jikinsa, makanike ya murza ya ce ya yi ƙoƙari. Da ya tare shi a jarka ya miƙo mini, sai na ce a raina, af, Baba ya kwana biyu bai samu ba. Iyakar abin da ya zo mini ke nan. Na ɗaure ta a bisa, ina ma shirin gaya masa cewa wannan ba irin baƙin man da ya saba ba ne, na masu tsada ne.

Washegari da hantsi muka isa. An yi ruwan farko da asuba, mai iska, hanya duk ta jiƙe. Ban ga Baba a gindin aduwa ba. Na ce wa fasinja su ba ni minti biyar, na sauke jarka na nufi gida ina kaɗa ta.

Tun daga bakin danga na ga abin. Rumbu ya durƙusa ta gefe guda, jinka ta kife can, zana ta yage, dammunan hatsi sun zube cikin taɓo. Mata suna tsintar zangarniya suna shanyawa a tabarmi. Ƙafafu uku sun karye. Na ɗauki guntun ɗaya, sai ya marmashe a hannuna, ciki duk ƙasa ce, gara ta cinye ta bar ɓawo. Ba ta tsaya a itace ba, ta hau ta shiga dammunan ƙasa ta mayar da su turɓaya tun ba a sani ba. A take na gane, ba sai an gaya mini ba.

Baba yana tsaye da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi, jarka tana gefena, na rasa inda zan ɓoye ta. Ihu bayan hari ke nan. Ya amsa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya. Sannan ya sunkuya ya buɗe murfin, ya tsoma yatsa ya duba.

"Shi na man da ba ya mutuwa?"

"Shi ne, Baba."

"Lalle ya yi tsawon rai," in ji shi. "Ya ga bayan rumbu."

Ya mayar da murfin ya rufe, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma na roƙi wani direba da ya biyo baya ya ƙarasa da fasinjana, na tuɓe riga na shiga tsinta.

Muna cikin aiki na matsa kusa da Inna, raina a ɓace, na ce mata ai baƙin mai ba zinariya ba ne, ana sayar da shi a kwalba ranar kasuwa, me ya hana a saya? Ta dube ni ta ce ta faɗa masa haka tun cikin sanyi, ta sake faɗa da ta ga gara ta fara ɗora ƙasa a ƙafa ɗaya. Ya kankare ƙasar, ya zuba toka, ya ce ba za a saya ba.

"Cewa ya yi duk garin ga an san ɗansa direba na," in ji ta. "In aka gan shi ya tsuguna gaban mai kwalba yana sayen baƙin mai, mi za a ce? Za a ce ɗan da ya raina ya samu birni ya yar da shi. Ya ce gara hatsi ya lalace da a faɗi haka a kanka."

Na zauna a cikin taɓon nan na yi kuka, ni da gemuna, a gaban mata. Wata bakwai ina yawo ina wa'azin mai, shi kuwa yana zaune yana gadin mutuncina da abincin gidansa.

Abin da aka tsira da shi bai kai mu kaka ba. Ruwa ya sake saukowa kafin shanya ta bushe, wani ya yi funfuna, wani ya tsiro. A daminar nan gidan da bai taɓa auna hatsi a kasuwa ba ya auna, kuma ni na riƙa kawowa a buhu daga Dogon Dutsi, ina saukewa ta bayan gida don kada a gani. Baba bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Ban daina sa santetik ba, domin man bai yi mini laifi ba, har gobe shi nake sawa. Sai dai tun daga ranar, duk bayan wata biyu nakan je garaji da jarka in sayi baƙin man motocin wasu, na direbobin nan da na ce suna zamanin jahiliyya, suna kallona suna dariya, in kai ƙauye. Abin da na koya shi ne, kafin ka yi murnar rabuwa da wata tsohuwar wahala, ka tsaya ka duba ko akwai wanda yake dogare da ita. Kuma idan babba ya tambaye ka lafiyar motarka sau biyu, kashe inji ka zauna, ba motar yake nufi ba.