Godiyar da na kai gaban zumunta

Ni ban taɓa shiga aji ba, amma yara biyar na tura makaranta da suyar ƙosai a bakin titin Narayi, kuma babu wanda ya taɓa shigo mini gida da abin da ban san asalinsa ba. Ko biro ne, sai na ji wa ya bayar.

Ta ukunsu tana koyarwa a jami'a. Bara aka kira taro don a karrama ta saboda bincikenta, ta ɗinka mini leshi ta kai ni. Ɗakin taron sanyi kamar firij. Aka yi ta Turanci, ana ambaton sunanta ana tafi, ni ma ina tafi idan na ga an fara. Aka miƙa mata wani gilashi mai rubutu. Wani dattijo mai doguwar riga ya durƙusa ya ce mini, "Mama, kin haifa mana." Na ce na gode, amma ban san me na haifa musu ba.

Damuwata ita ce Lahadi. A zumuntar matan cocinmu, idan ɗa ya sami ɗaukaka, uwa ce take fita gaba ta faɗi da bakinta abin da Allah ya yi. Ni kuwa an san ni da tsayar da masu ƙari. Ni ce na taɓa tsayar da wadda ta ce ɗanta ma'aikacin banki ne, alhali lema ya kafa a unguwar Kamazou yana cire wa mutane kuɗi da na'urar POS. Matan nan suna jirana.

A mota muna komawa gida na ce wa 'yar tawa, "To, me kika yi?"

"Tsaron bayanai, Mama. Yanzu asibiti a kwamfuta yake ajiye sunan mara lafiya da ciwonsa. Na gwada shiga kwamfutar wani asibiti, na shiga, sai na nuna musu inda ɓarawo zai bi, na ƙirƙiro yadda za a toshe."

"Da makulli kika shiga?"

"A'a. Ai gwajin ke nan."

"Ke! Fasa wa mutane ɗaki kika yi?"

"Su suka roƙe ni. Kuma ba ɗaki ba ne, ina zaune a ofishina."

Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Ta shiga, amma tana zaune. Ta fasa, amma an ba ta kyauta. A unguwarmu wanda ya san ta inda ɓarawo zai bi, ido ake sa masa. Da muka isa gida na ɗauki gilashin na kife shi a ƙarƙashin gado.

Da ta faɗa mini sunan asibitin, sai na tuna wata maƙwabciyarmu da take zuwa can, tana ta ramewa, mata suna ta ƙus-ƙus a bakin famfo. Washegari na ce, "Tunda kin shiga, me ke damun matar nan?"

"Mama, ban buɗe na kowa ba. Ko na gani ma, ba zan faɗa ba."

"Ni fa na haife ki."

"Na sani."

Kwana uku ina bin ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ƙi cin abincin da ta dafa. Ta yi kuka, amma bakinta bai buɗe ba. Har yau ban san ko gwada ta nake yi ba, ko ni ma son ji nake yi kamar matan bakin famfo. Wata rana nakan ce wannan, wata rana wancan.

Ranar Lahadi aka buga tulu da kacau-kacau, na taka zuwa gaba da gilashin a hannuna. Kafin in buɗe baki, uwar mai lemar nan ta ɗaga murya daga baya: "Maman Dakta, dalla-dalla fa, yadda kike sa mu!" Aka kwashe da dariya.

Na ce, "Ban gane aikinta ba, ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba. Ta ce tana shiga inda aka kulle, masu wurin kuma suna gode mata. Wannan ban gani da idona ba. Abin da na gani shi ne, na matsa mata kwana uku ta faɗa mini asirin mutum ɗaya, ta hana ni, ni uwarta. Idan saboda wannan aka ba ta, ta cancanta. Idan saboda fasa ɗakin ne, ku taya ni addu'a."

Shugabar zumunta ta dube ni, ta dubi masu kiɗa, ta ce, "To Mama, waƙa za mu yi ko addu'a?"

Na ce a yi duka biyun.