Majo Mai Duban Haƙori

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana, Majo Mamman Gana, makwancinsa a nan Damagaram. Kowace shekara addu'a nake yi masa a cikin gida, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Ya daɗe yana majo, wato shugaban gidan likita, a wajen Gouna, inda aka laƙaba masa Mai Duban Haƙori. Asalin laƙabin kafson nan ne mai ja da rawaya, wanda likitoci ke kira tetirasikilin. In an kawo masa yaro, ba ya tambayar shekaru, domin a ƙauye ba kowa ke riƙe da su ba. Sai ya ɗaga leɓen yaron ya duba. Wanda famfararsa ba ta yi nisa ba, ba zai ba shi ba. Mace mai ciki ma haka. Mata kan zolaye shi, wai yara ya zo dubawa ko raguna ya zo saye.

Ya bayyana mini dalili ba sau ɗaya ba. Maganin yana kama sinadarin da ke gina ƙashi. In an sha shi da nono, wanda ke ɗauke da sinadarin nan, sai su ɗaure juna a ciki su fice, jini bai samu komai ba. Shi ya sa yake hana fura da nono kusa da lokacin shansa. In kuwa ya shiga jikin ƙaramin yaro, sai ya je ya zauna cikin haƙoran da ke ƙulluwa a ƙarƙashin dasashi, ya rina su, rinin da ba ya wankuwa. Kuma ba kashe ƙwayar cuta yake yi nan take ba, hana ta hayayyafa yake yi, don haka wanda ya tsinke kwanakin sha ya koya mata taurin kai ne kawai.

Bayan rasuwarsa, babban ɗansa Abba, magidanci mai iyali, ya buɗe butik ɗin magani a unguwarmu. Ya nemi izinina ya rubuta sunan mahaifinsa a allon ƙofa. Na ba shi, har na sa albarka.

Can surukata, matar ɗana, ta riƙa zuwa duk lokacin da jikata Falmata ta yi gudawa, tun tana 'yar shekara uku. Abba ya ba ta kafson ba ordinans, wato takardar likita, ya ce ta fasa a ruwa ta ɗura mata. Ba ta yi shakka ba, domin sunan da ta gani a ƙofa. Bana manyan haƙoran Falmata suka fito, kowanne da ɗamara launin toka. 'Yan lakwal, abokan karatunta, sun sa mata suna, ba zan maimaita shi a jarida ba.

Na taka na sami Abba, na ce ya sauke allon. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sa'an nan ya ce, "Baba, in ban ba su ba, mai talla a tasha zai ba su. Suna kuma na ubana ne."

Na ce, "Sunan ka gada, Abba. Yatsan da ke ɗaga leɓe fa?"

Allon yana nan har yau.

Nakan tambayi kaina abin da Majo zai ce da ya ga ana sayar da kafson ɗaiɗai kamar alewa, har kaji ana zuba wa a ruwa. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai tsuguna ne gaban Falmata, ya ɗaga leɓenta, sa'an nan ya ɗago ya dube ni, ni da na ba da izinin.

A Gouna akwai magidanta da iyaye mata da ke dariya da fararen haƙora, ba su san wanda ya hana su magani suna yara ba. Abin da ya rage na yayana ke nan, Allah ya jiƙansa. A gidan ƙanensa kuwa, akwai yarinya 'yar shekara takwas da ta koyi rufe baki da mayafi kafin ta yi dariya.