Baba Sito da Ɗakin Kujeru Masu Ɗingishi

Kowace safiya, kafin zarto ya fara kuka a makarantar koyon kafinta, Baba Sito, mai kula da ɗakunan makarantar, ya riga ya buɗe ɗakin baya yana goge-goge. Me yake gogewa? Kujeru masu ɗingishi, akwatunan da murfinsu ya ƙi zama, da wata 'yar durowa da ba ta buɗuwa sai da addu'a. Aikin farko ne na duk wanda ya koyi sana'a a nan cikin shekara talatin da ɗaya. Cewa aka yi ya riƙa ƙonawa. Shi kuwa sai ya bi kowanne ya rubuta sunan mai shi a ƙarƙashi.

Mutum ne mai shegen tambaya. Ran da ya ga an rubuta apprentice piece a takardar karɓar kaya, sai da ya tsare malamar Turanci a bakin ƙofa. Ta ce abin da mai koyo ya ƙera ne don a gwada hannunsa, kuma kalmar farkon daga Latin ta biyo ta Faransanci, asalinta kama abu da hannu.

"To, kin gani," in ji Baba. "Abin da hannu ya fara kamawa ne za a cinna wa wuta?"

Ɗalibai sun shaida. Duk wanda ya jefar da guduma ya ce ya haƙura, Baba zai ja shi ɗakin, ya nuna masa aikin farko na malamin da ya gama yi masa faɗa. Da dariya ake fitowa a koma bakin aiki. Kai ne, Baba, ka riƙe mutanen da makaranta ta kusa rasawa, alhali ko alli ba ka taɓa riƙewa ba.

Makon ritayarsa shugabar makaranta ta ce a kwashe tarkacen, injina za a zuba. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, amma bai yi musu ba. Durowar nan ya miƙa mata.

"Ranki ya daɗe, a fara da wannan."

Ta juya ta, ta ga sunanta. Ita ma ya taɓa jan ta ɗakin nan tana kuka. Ta ja durowar, ta ƙi buɗuwa.

"Baba, har yanzu?"

"Ai ke take jira."

An nema wa injinan wani ɗaki. Mun gode, Baba Sito, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu koyarwa, in aikin farko ya zo muku a karkace, ku juya shi ku rubuta suna. Makullin ɗakin yanzu yana hannun shugaba, durowar tana kan teburinta, kuma ta hana kowa ya gyara ta.